Yadda Ake Lissafin Turjiya da Ƙarfin Wuta Daga Bolt da Amfiya

Wata Talata da hantsi wani mai wanki da guga a Agege ya aiko yaronsa ya kira ni. Tun daga bakin ƙofa ƙaurin roba ya tare ni. Ekstenshan ɗinsa mai baki huɗu ya narke ta gefe guda, fulogin ayan ya manne a ciki, sai da muka sa filaya muka ɓamɓare shi. Allah ya tsare, don tulin kayan mutane na kan teburin da ke kusa.

"Malam, masu wuta ne suka kawo ta da ƙarfi," in ji shi.

Na sa mita a soket ɗin bango, ta nuna 224. Na ce, "Alhaji, wutar nan lafiyarta lau. Bari mu ga abin da ka ɗora mata."

Ayan biyu ne, kowanne an rubuta 1200W a gindinsa, sai hitar dafa ruwa mai 1500W. Jimla wat 3,900. Na raba da 230, ya ba ni kusan amfiya 17. Na juya bayan ekstenshan ɗin na nuna masa inda aka rubuta 13A. Da na kwance fulogin kuma, babu fis a ciki. Wani ya taɓa cire shi ya naɗa silin waya a gurbinsa. Lissafin da zai hana wannan ɓarna bai kai na minti ɗaya ba, kuma duk wanda ya iya lissafin canjin kuɗi zai iya shi. Shi ya sa na ga ya kamata in shimfiɗa shi daki-daki, saboda 'yan uwa masu shago, masu cajin waya, masu aski, teloli, da yaran da ke koyon aikin wuta.

Abubuwa huɗu da za ka riƙe

Kusan kowane gida a Legas yana da tankin ruwa a sama, to da shi za mu yi misali. Tsayin da tankin yake shi ke sa ruwa ya sauko da ƙarfi. Wannan ƙarfin turawar shi ne bolteji a wutar lantarki, ana auna shi da bolt, harafinsa V. Yawan ruwan da ke bi ta cikin bututu a kowane daƙiƙa shi ne karan, wato kwararar wuta, ana auna shi da amfiya, harafinsa a lissafi I, amma a jikin kaya A za ka gani. Ƙuncin bututun da ke hana ruwa wucewa yadda yake so shi ne turjiya, ana auna ta da om, harafinta R, alamarta Ω. Sai na huɗu, aikin da wutar ke yi a kowane daƙiƙa, zafi ne ko haske ko juya mota. Shi ne ƙarfin aiki, ana auna shi da wat, harafinsa P.

Sunayen nan duka na mutane ne. Bolt daga Alessandro Volta ɗan Italiya, wanda ya ƙera batir na farko a 1800. Amfiya daga André-Marie Ampère ɗan Faransa. Wat daga James Watt ɗan Sikotilan mai injin tururi. Om kuma daga Georg Simon Ohm, wani malamin makaranta Bajamushe, wanda a 1827 ya wallafa ƙa'idar da ke ɗaure bolt da amfiya da turjiya wuri guda. Ƙa'idar ita ce V = I × R. Daga cikinta, da kuma ma'anar wat, muke samun layi biyun da za mu yi aiki da su:

R = V ÷ I

P = V × I

Wato in ka san bolt da amfiya, ka raba su ka sami turjiya, ka ninka su ka sami wat. Duk sauran dabarun da za ka gani a ƙasa 'ya'yan waɗannan biyun ne.

Mataki na farko: samo bolt da amfiya

Hanya mafi sauƙi ita ce karanta rubutun jikin kayan. Juya ayan, duba bayan firiji, kalli cikin cajar waya, za ka ga lambobi. Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce a ƙa'ida, mai juyawa sau 50 a daƙiƙa, ko kana ƙarƙashin Ikeja Electric kamar mu na Agege, ko kana ƙarƙashin kamfanin Eko kamar na Alaba da Ojo. In kaya ya ba ka wat kawai bai ba ka amfiya ba, sai ka juya layi na biyu: I = P ÷ V. Abin da na yi ke nan a shagon Alhaji.

Sai dai rubutun jikin kaya yana faɗa maka abin da masana'anta suka tsara ne. In kana son sanin abin da ke faruwa yanzu-yanzu a cikin wayarka, dole ka auna. A nan zan tsaya in ja kunne sosai, don a wannan matakin ake rauni.

Auna bolt ba wuya. Baƙar wayar mita a ramin COM, ja a ramin V. In wutar soket ce ko ta janareto, ka juya mita zuwa V mai alamar lanƙwasa, ka zaɓi lamba sama da 230, kamar 600 ko 750. In batir ne ko sola, V mai miƙaƙƙen layi. Ka taɓa bakunan biyu a ƙafafun biyu, ka karanta. Yatsunka su tsaya bayan ƙullin robar da ke jikin sandunan, kada su zarce.

Auna amfiya shi ne mai haɗari. Amfiya tana bi ta cikin waya ne, saboda haka mita sai ta shiga cikin layin, wutar ta ratsa ta cikinta. Kuskuren da sabon yaro ke yi shi ne ya mayar da jar waya ramin 10A, sannan ya cusa sandunan biyu cikin soket kamar mai auna bolt. A wannan yanayin turjiyar mitar kusan babu ce, kuma in ka raba 230 da abin da ya kusa zama sifiri, amsar ɗaruruwan amfiya ce. Tartsatsi zai tashi, fis ɗin mita ya ƙone, in an yi rashin sa'a har hannu da fuska. Ni shawarata ga duk mai aiki da wutar 230 ita ce ya sayi mita mai baki kamar na ƙaguwa, wadda ake kira kilam-mita. Ana samunta a Alaba da Computer Village a Ikeja. Ba ka yanke komai, ba ka taɓa ƙarfe. Ka buɗe bakinta ka rungumi waya guda ɗaya tak, mai wutar, wato ja a tsohon tsari ko ruwan ƙasa a sabo. In ka rungumi wayoyi biyu tare, mai zuwa da mai dawowa za su soke juna, mitar ta nuna maka sifiri, ka ɗauka babu komai alhali wuta na gudu.

Ga dalilin da ya sa nake nanata maganar tsaro, kuma shi ma lissafin nan ne. Jikin mutum in ya jiƙe, turjiyarsa na iya sauka zuwa wajen om 1,000. Raba 230 da 1,000: amfiya 0.23, wato miliamfiya 230. Birekar da aka ƙera don ceton rai tana yanke wuta ne a miliamfiya 30. Ka ga tazarar. A garin da damina ke shigar da ruwa har cikin shago, kada ka taɓa aikin wuta ƙafarka a ƙasa mai laima ba takalmin roba.

Mataki na biyu: daidaita lambobin

Kafin ka taɓa kalkuleta, ka mayar da komai zuwa bolt, amfiya, wat da om zalla. Ƙaramin m na nufin kashi ɗaya cikin dubu, don haka 500mA shi ne 0.5A. Harafin k na nufin dubu, don haka 1.5kW shi ne wat 1,500, kuma 2.2kΩ shi ne om 2,200. Yawancin amsoshin da ke fitowa a karkace daga nan suke samo asali.

Mataki na uku: fitar da turjiya da wat

Mu koma ga ayan ɗin Alhaji guda ɗaya. Na jona shi shi kaɗai a bango. Bolt 224, kilam-mita ta nuna amfiya 5.1.

Turjiya: 224 ÷ 5.1 = kusan om 44.

Ƙarfin aiki: 224 × 5.1 = kusan wat 1,142.

An rubuta 1,200 a jikinsa, mun sami 1,142. Ayan ɗin ba shi da laifi, boltejin ne ya ɗan gaza 230 kaɗan.

Ko babu wuta ma za ka iya sanin turjiyar da ta kamata kaya ya kasance da ita, daga rubutun jikinsa kawai. In ka haɗa layukanmu biyu za ka sami R = V × V ÷ P. Wato 230 × 230 = 52,900, a raba da 1,200, om 44 ke nan dai. Wannan lamba 52,900 ka haddace ta, za ta yi maka aiki kullum. Hitar wat 1,500 kuwa 52,900 ÷ 1,500, om 35 da ɗan ɗoriya.

Amfanin wannan a wajen gyara yake fitowa. Ka zare ayan daga wuta gaba ɗaya, ka murɗa maɓallin zafinsa zuwa sama, ka juya mita zuwa Ω, ka taɓa ƙafafun fulogi biyu na ƙasa. In ka ga lamba kusa da 44, abin da ke yin zafin lafiyarsa lau. In mita ta nuna OL ko 1 shi kaɗai a gefen hagu, layin ya yanke a wani wuri, ko fis, ko waya, ko maɓallin zafin, ko shi kansa elemen ɗin. In ta nuna kusa da sifiri, wayoyi sun haɗu a ciki, kada ka sake jona shi. Ba a auna turjiya a kan kaya mai wuta a jiki, ko kusa.

Akwai abu ɗaya da ke rikita masu koyo. Yarona ya taɓa auna tsohon ƙwan fitila mai zare na wat 60, ya zo da gudu: "Oga, lissafi ya ce om 882, mita ta ce sittin da wani abu. Wa ke ƙarya?" Babu mai ƙarya. Zaren ƙwan na ƙarfen tongistan ne, kuma turjiyarsa na ƙaruwa ninki goma da wani abu in ya yi ja ya fara haske. Lissafi ya ba shi ta lokacin zafi, mita ta ba shi ta lokacin sanyi. Shi ya sa irin wannan ƙwan ya fi mutuwa daidai lokacin da aka kunna shi, don a wannan ƙiftawar idon turjiyarsa ƙarama ce, wuta mai yawa ke faɗa masa. Ayan da hita ba su da wannan bambancin sosai, wayar cikinsu wata iri ce da zafi ba ya sauya ta da yawa.

Abin da muke kira lo karan

In fanka ta fara juyi a kasale, ƙwai ya yi ja-ja, kowa sai ya ce an kawo lo karan. A gaskiya boltejin ne ya sauka. Mu ga me zai sami ayan mai om 44 in wuta ta faɗo zuwa 180. Layin da ya dace shi ne P = V × V ÷ R. 180 × 180 = 32,400, a raba da 44, wat 736. Bolteji ya ragu da kusan kashi 22 cikin ɗari, amma zafi ya ragu da kusan kashi 39, saboda bolt sau biyu yake shiga lissafin. Mai guga ya san wannan a hannunsa tun kafin a gaya masa: shadda ba ta kwanciya, sai ya yi ta maimaita wuri ɗaya.

Ayan dai sanyi kawai zai yi, ba abin da zai same shi. Amma firiji, firiza, injin jan ruwa, da duk abin da ke da mota a ciki, halinsu daban. Motar tana ƙoƙarin yin aikinta ko ta halin ƙaƙa, in bolt ya ragu sai ta ja amfiya fiye da ƙima, koyil ya yi zafi ya ƙone. Masu sayar da ƙanƙara da lemo mai sanyi su suka fi shan wannan asarar. In ka auna ka ga wuta ta yi ƙasa sosai, ko dai sitabilaiza, ko ka kashe firiza har ta daidaita.

Wayar kanta tana da turjiya

Nan ne zuciyar maganar, kuma nan ne gobara ke fitowa. Zafin da ke tashi a cikin kowace waya shi ne P = I × I × R. Lura amfiya ce ke shiga sau biyu. In ka ninka kaya biyu, zafin waya ya ninka huɗu.

Wayar jan ƙarfe da ake kira 1.5mm a kasuwa tana da turjiya wajen om 12 a kowace kilomita, mai 2.5mm kuma wajen om 7.4. A kasuwanni irin su Mile 12 za ka ga an ja waya daga janareton wani zuwa rumfar wani, tafiya mai nisa. A ce nisan mita 50 ne. Wuta tana zuwa tana dawowa, saboda haka mita 100 za ka lissafa, wato om 1.2 in 1.5mm ce. Ka ja amfiya 10: bolt 12 sun zube a hanya, wat 120 kuma sun zama zafi a cikin wayar, kana biyan kuɗinsu ba ka mora ba. Ka ja amfiya 17: 17 × 17 × 1.2, wat 347. In da 2.5mm aka sa, a amfiya 10 asarar wat 74 ce.

Wannan zafin aƙalla ya bazu a tsawon waya. Mafi muni shi ne haɗin da bai ɗauru ba: sukurun da ya yi sako-sako a cikin fulogi, bakin soket da ya buɗe, ko waya biyu da aka murɗe da hannu aka naɗe da salatif. A ce wannan wurin ya sami turjiya rabin om kacal. A amfiya 17, 289 × 0.5, wat 144 ke taruwa a wuri kamar ƙwayar wake. Ƙarfen da muke narka dalma da shi sau da yawa bai wuce wat 40 ko 60 ba. To me zai hana roba narkewa? Irin abin da ya sami ekstenshan ɗin Alhaji ke nan. In ka taɓa fulogi ka ji ɗumi, ka kashe ka duba, kada ka bari sai gobe.

Wajen sayen waya kuma a kula. Akwai wadda cikinta alminiyam ne aka shafa mata jan ƙarfe a sama. Ka kankare sili ɗaya da wuƙa, in fari ya bayyana ka san me ka riƙe. Turjiyar alminiyam ta fi ta jan ƙarfe da fiye da rabi a kauri iri ɗaya, kuma duk lissafin da muka yi a sama sai ya ƙaru da wannan gwargwadon. Arha ba ta ado a harkar waya.

Batir, inbata da janareto

Kaya mai wat 600 a wutar 230 amfiya 2.6 kawai yake ja. Amma in inbata ce mai batir bolt 12 ke ɗauke da shi, a ɓangaren batir 600 ÷ 12 ne, amfiya 50, har da ɗan ƙari saboda inbatar ma tana cin nata. Dalilin da ya sa wayar batir take da kauri kamar yatsa ke nan, kuma ake so ta zama gajera. In ka jera batir biyu suka ba da bolt 24, amfiyar ta koma 25, zafin waya ya sauka zuwa kashi ɗaya cikin huɗu.

Batir mai 200Ah (Ah na nufin amfiya-awa) a bolt 12 yana ɗauke da 12 × 200, wato 2,400 na wat-awa. In na dalma ne, ba a so ka zuƙe fiye da rabi in kana son ya yi ƙarko. Rabin 1,200 ne. Kayan wat 300 za su kai awa huɗu a takarda, a aikace ƙasa da haka kaɗan. Mai cajin waya kuwa lissafinsa da sauƙi: cajar 5V 2A wat 10 ce, wayoyi 40 a lokaci guda wajen wat 400.

A kan janareto za ka ga kVA, wato bolt-amfiya dubu, maimakon kW. Dalili shi ne a kayan da ke da mota ko taransifoma, ba duk amfiyar da ke kaiwa da komowa ce ke zama aiki ba. Ninka bolt da amfiya a irin waɗannan kayan yana ba ka bolt-amfiya ne, ainihin wat ɗin ya gaza haka. In ka ga an rubuta 0.8 a farantin janareto, ka ninka da shi: 2.5kVA ya zama wat 2,000. Ka kuma bar sarari mai yawa in akwai firiza, don lokacin tashi tana fizgar ninkin abin da take ci in ta daidaita sau da dama. Haka nan kada ka raba bolt da amfiyar firiji ka ce ka sami turjiyar koyil ɗinsa. Wannan rabawar tana fita daidai ne a kayan zafi zalla.

Daga wat zuwa naira

Yunit ɗaya a mitar kati shi ne wat 1,000 na tsawon awa ɗaya. Ayan mai 1.2kW in ya yi awa biyar yana jan wuta, yunit 6 ke nan, ko da yake maɓallin zafinsa na yankewa yana dawowa, don haka yakan gaza haka. A Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta kai kuɗin 'yan Band A, wato rukunin da suka fi samun wuta, naira 225 a kowane yunit. A wannan farashin, yunit 6 naira 1,350 ne. Farashin ya sauya bayan nan kuma ya danganta da rukunin da layinku yake, saboda haka ka duba rasit ɗin katin da ka saya na ƙarshe, ka ninka da lambar da ke jiki. Mai guga da ya san wannan zai san nawa wuta ke ci a cikin kuɗin kowace riga.

A shagon Alhaji, ga yadda muka ƙare. Kowane ayan 1,200 ÷ 230, amfiya 5.2, biyun 10.4, sun shiga ƙarƙashin 13. Hitar ita kaɗai 6.5, ita ce ta tsallakar da jimlar. Na ja masa sabon layi da waya 2.5mm daga akwatin bireka, na kafa soket biyu a bango kusa da teburin guga, kowane ayan da nasa, na uku kuma can gefe don hita. Kowane fulogi na mayar masa da fis na 13A, na ɗaure sukurorin tam. Kafin in tafi na sa yaronsa ya kunna ukun tare, muka jira minti goma, na ce ya ɗora bayan hannunsa a kan kowane fulogi ya gaya mini abin da ya ji.

"Oga, sanyi ƙalau," in ji shi.